Ƙarfe Huɗu a Hull

Ƙarfe huɗu, har duhu ya rufe Hull.
Na sauka daga bas da kular miyar kuka a ƙirji,
ɗuminta na ratsa rigar sanyina.
Kwana tara ke nan, Tasi'u, wayarka na ruri ba mai ɗauka.

Na ƙwanƙwasa. Na sake.
Tsohuwar nan ta ƙasan bene, mai gurgun kare,
ta leƙo ta ce tun Talata ba ta ji ƙarar famfonka ba.

Da ka buɗe, wasiƙu suka tokare ƙofa:
ta kuɗin wuta, ta mai gida,
ta gidan tsofaffin da kake wa aikin dare.
Labule a sauke.
Madara ta zama kindirmo a kan tebur.
Takalman ƙwallonka na inda ka tuɓe su tun Satumba,
taɓon jikinsu ya bushe ya tsage.

Kai da kan sa mu dariya har shayi ya biyo hanci,
kai da ka tarbe ni a tasha
ranar da na iso da akwati ɗaya da hular da ba ta san ruwan ƙasar nan ba,
yau ka ce mini "lafiya lau"
kamar mai karanto lambar mota.

Ban ce ka yi haƙuri ba.
Haƙurin ka yi ta ci har ya ƙare.
Na wanke kofi biyu, na zauna a ƙasa kusa da ƙafarka,
muka saurari hita tana ƙas, ƙas.

Akwai tambayar da na taho da ita tun daga bas,
ta fi kular nauyi.
Na ce, kana tunanin raba kanka da duniya?
Ka dubi bango, ka daɗe.
Ka ce, "Wani lokaci. Can wajen asuba."
Salatin da ya taso mini na haɗiye shi
don kada ka ga tsoro a fuskata ka koma ciki.
Na ce, to, yau asuba da ni za ta same ka.

Inna ta kira daga Malumfashi,
tana tambaya ko ka yi ƙiba.
Ta ce za ta aiko da rubutu ta hannun mai zuwa.
Ta aiko. Za mu sha, mu kuma je asibiti.
Wanda ya ce maka ƙarancin zikiri ne, ran Juma'a a bakin masallaci,
na san aljihun da yake ajiye maganin sukarinsa.

Ƙarfe takwas na safe na buga wa asibitin unguwa.
Mu ne na goma sha huɗu a layi.
Wani kiɗa marar gishiri ya yi ta zagayawa a kunnena.
Da aka ɗauka muryarka ta maƙale,
na faɗi abin da ka faɗa mini, kalma da kalma, kana gyaɗa kai.
Suka ce mu zo yau.

Ba ni da magani, Tasi'u.
Kifi nake yankawa a masana'anta, kuma jiya ban je ba,
gobe sai na san ƙaryar da zan yi wa shugaban aiki.
Ni ma ina gajiya. Na gaya wa Balaraba da Ɗan'azumi,
da izininka, kowa ya ɗauki ranarsa.

Ka yi loma uku ka ture kwano.
Ban ƙirga a fili ba.
Ka ɗaga labule faɗin tafin hannu,
ka ce ruwa ake yi.
Na ce ai kullum.

Makullinka na biyu na aljihuna.
Nemi safarka, bas ɗin ba ya jira.