Matakala Sittin da Huɗu

Matakala sittin da huɗu ne
daga bakin titi zuwa ɗakin Dona Ermelinda.
Ba ni na ƙirga ba, ita ta faɗa.
Ta ce shekara arba'in ba ta san yawansu ba,
sai da gwiwa ta fara yi mata lissafi.

Ni da Baltazar muka ɗauko kabad,
shi a ƙasa, ni a sama,
katako yana kuka a kowace kwana
kamar akuyar da ta gane hanyar kasuwa.

Na daɗe ina dakon kayan mutanen Porto.
Ba na tambayar dalili, kaya ke tona asiri.
In ka ga gadon jariri da ledarsa, ɗaki ne ya yi kaɗan.
In ka ga an raba cokula, mota biyu a ƙofa,
ranar ka haɗiye raharka.
Wanda kuɗin haya ya kora kuwa,
shi ya fi kowa ba ka haƙuri,
sai ka ce shi ya yi laifin.
Ni ma sanyin duwatsun Montalegre ya koro ni,
shi da gonar da ta gaji da ciyar da mu.

Tsohuwa dai ba wanda ya kore ta.
'Yarta Graça ce ta samo ɗaki a ƙasa, a Matosinhos,
ga asibiti, ga masu gasa kifi.
"Ba hawa, ba gangara, Mama,
ki buɗe ƙofa kawai, ga duniya."
Tsohuwa ta dubi kogin Douro ta taga,
da jajayen rufi, da shanyar maƙwabta.
Ta ce, "Nan ni ke leƙen duniya,
can ita za ta riƙa leƙo ni."

A jikin ƙyauren kicin akwai layukan fensir,
tsayin yara uku, shekara bisa shekara.
Biyu sun haura har sun wuce kafaɗata.
Ɗaya ya tsaya daidai ƙuguna,
bai ƙara ba.

Ta ce a cire mata ƙyauren.
Graça ta ce ai na mai gida ne.
Baltazar ya dube ni, na dubi silin.
Ƙusa shida ce kawai, kuma sun yi tsatsa,
wa zai ce ba da kansu suka fita ba?
Muka naɗe shi a bargo
muka sa shi tsakanin katifa da madubi.

Ita ce ƙarshen saukowa,
tukunyar furenta a hannu, ta hana kowa taɓawa.
Tana ƙirgawa da baya:
sha biyu, sha ɗaya, ta huta, goma.

A bakin ƙofa muka tarar da wasu yara,
saurayi da awon tela a wuya,
matarsa da ɗan ƙaramin ciki.
Suka gaishe ta, suka ba ta hanya,
sannan suka haye da gudu, bibbiyu,
suna dariya.

Ba su ƙirga ba.