Shafi Na Arba'in Da Bakwai

Shekara tara ina tsallake shafin nan
kamar yadda nake tsallake kwatar Aboabo da safe:
in tattare zane, in riƙe numfashi,
in dira a babin sassan jiki
inda na san hanya.

Lantarki.
Ni da ke kiran ɗan maƙwabta ya sauya mini ƙwan ɗaki.

Sai in cika allo, su kwafa,
in faɗa, su amsa da ƙarfi,
har Madam Serwaa ta aji huɗu ta leƙo ta taga
ta ce ajina ya fi kowane aji rai.
Ba ta san ƙarar nan mayafi ce ba.

Mutawakilu ne ya yaye shi,
yaron bakin ƙofa, mai riga ba maɓallin wuya.
Ranar da aka ɗauke wuta, fanka ta tsaya cak,
ya ɗaga hannu:
"Malama, in an ɗauke ta, ina ake kai ta?"
Aji ya yi dariya. Ni ma na yi.
Na ce ya duba littafinsa.
Da dare tambayar ta kwanta tsakanina da matashi
ta ƙi matsawa.

Asabar na hau trotro zuwa Suame,
inda ƙarfe ke kuka tun asuba,
wurin Baba Isaka mai gyaran wayoyin mota
wanda bai gama firamare ba.
Na ce, "Ni malama ce." Na haɗiye yawu.
"Ban san abin da nake koyarwa ba."
Bai ɗago kai ba.
Ya miƙo waya ja da baƙa, batir biyu,
da ƙwan tocila kamar ƙwayar gyaɗa.
Ya ce, "Wuta 'yar aike ce.
In ba ta ga hanyar komawa gida ba, ba ta fita."
Kuɗin batir ya karɓa. Maganar kyauta ce.

Litinin na jera su a tebur.
Kawuna hamsin da shida suka rufe ni,
warin alli, warin gumi, numfashin koko.
Na haɗa. Bai kama ba.
Na juya batir. Bai kama ba.
Tsohon bakina ya buɗe zai ce
ku koma ku zauna, ku ɗauko biro,
sai na ji wata murya, ashe tawa ce:
"Ban san dalili ba. Wa zai taya ni dubawa?"

Na jira rufin kwano ya faɗo.
Bai faɗo ba.

Adiza, wadda tun farkon zango ban ji muryarta ba,
ta taɓa bakin wayar da farce:
"Malama, ai tana sanye da riga."
Rezar fiƙe fensir muka ara.
Muka tuɓe wa waya riga.

Hasken bai kai na ashana ba.
Amma ihun ya kai bakin titi,
har mai sayar da lemo ta miƙe tsaye.

Madam Serwaa ta leƙo. Yau ta shigo.
Ta daɗe tana kallon ƙwan,
sannan ta raɗa mini a kunne:
"Ni shafi na sittin nake tsallakewa."

Yanzu duk Laraba bayan an tashi
mu biyar muke zama a ajina,
da kwalaben banza, da gishiri,
da maganaɗisun tsohuwar rediyo,
muna kuskure da babbar murya.

Tambayar Mutawakilu kuwa tana can saman allo.
Rabin amsar na samo.
Na ce wa mai share allo
ya bar wannan layin.