Kujera Ɗaya

Aka ce an yi fim a kanmu.
Na biya ɗari uku a gidan kallon Tudun Wada,
na laɓe a bencin ƙarshe, kusa da mai gyaɗa,
in ga yadda aka yi da ni.

Wanda ya fito a madadina ya fi ni tsawo,
ya fi ni jerin haƙora.
Wanda ya fito a Tanimu kuwa,
har tafiyar agwagwar bai bari ba.

Ga benen nan na Fizet, saman shagon taya,
kamfanin da ya rantse
sai ya sa tumatirin Hunkuyi a waya.
Ga mu ranar farko, mun zo sanin makamar aiki,
ni da babbar rigar yayana,
shi da kwat ɗin gwanjo mai warin kafur,
alhali kowa a ofis 'yar shara ce da silifas.
Kujera ɗaya ta rage.
Muka raba ta biyu kamar ƙosan aro,
gefe nawa, gefe nasa,
wata shida ba wanda ya jingina.

Hajiya Ladidi ta ce, ku adana aikin a gajimare.
Tanimu ya tashi ya leƙa taga.
Tsakiyar bazara, sama wayam.
Ya ce, ranki ya daɗe, sai dai a jira damina.
Gidan kallo ya kece. Haka aka yi, ban musa ba.

Amma inda aka ce ƙwaro ya shiga manhaja
muka ruga Sabon Gari sayen fiya-fiya,
wannan sharrin marubuci ne.
Jahilcinmu bai kai can ba.
Ya dai kusa.

Sai ranar Larabar nan.
A fim, ɓera ne ya ci waya,
kwando ɗari huɗu na tumatir
suka sauka a teburin mai shayi ɗaya a Kwangila,
yana ihu, ni Lipton na ce, Lipton!
Yara suna ta faɗuwa daga benci.

Ba ɓera ba ne.
Ni na zare fulogin babbar na'ura
na sa cajin wayata,
don Zulai ta ce za ta kira bayan la'asar.
Ba ta ma kira ba.
Da Hajiya ta tambaya, harshena ya zama dutse.
Tanimu ya ɗaga hannu
kamar mai amsa suna a aji.
Ya ce, ni ne, ƙafata ce ta harɗe.
Kowa ya yarda. Wa bai san tafiyarsa ba?

A majigi an ɗauke mu duka biyu,
an kawo kujera ta biyu da ƙyalle ja a wuyanta,
ana kiɗa, muna rungume, sunaye suna hawa.
Mai gyaɗa ya ce, kai, abota!
Na sayi ƙulli biyu don ya yi shiru.

Kujerar tana nan. Ni kaɗai ke kanta yanzu,
kuma har yau a gefe nake zama.

Na hau Keke zuwa Kwangila.
Yana ƙarƙashin gada da laimarsa,
wayoyin mutane talatin suna shan wuta a gabansa,
ko ɗaya bai taɓa zarewa ba.
Na buɗe baki in faɗi abin da na shekara uku ina taunawa.

Ya ce, sau uku na kalla.
Ka ga tsawon da suka ƙara maka?
Ni ko inci ɗaya.
Ya tura bencinsa da ƙafa, ya matsa gefe.
Zauna, ɓera.
Kawo wayar in sa maka caji,
amma naira ɗari ce, ba na ragi.