Idon Kwabo

Ni majemi ne, ɗan majemi,
hannuna ya rine tun ban san kaina ba.
A bayan gidanmu, nan cikin Sakkwato,
fatun jajayen awaki na shanye bisa igiya,
mai gadinsu da dare kuwa kyanwa.

Kwabo muke ce mata,
don ranar da Modi jikana ya tsinto ta a kwata
ko kwabo ba wanda zai taya.
Shekara shida ke nan ɓera bai ɗanɗana mini fata ba,
ni na san abin da nake ciyarwa.

Wata Talata, rana ta tsaya a ka,
na ajiye mata kan kifi, ba ta zo ba.
Na same ta ƙarƙashin randa, inda ƙasa ke da sanyi,
idon dama ya kumbura kamar ɗan goriba,
kwantsa ta liƙe shi ruf,
hawaye ya yi hanya a gashin fuska,
tana kai hannu tana sosawa.

Inna Tumba ta leƙo ta katanga:
"Mi as samu mussa?"
Na nuna mata. Ta riƙe haɓa.
"Kai da ka kwana ka tashi cikin magani!
Mi kaka jima da shi in ba bagaruwa?

Ba ta cikin kwatarniya ba, kada ka kashe ta.
Zaɓi uku masu kyau, ka wanke, ka tafasa,
tace da farin ƙyalle, ka sake tacewa,
bar shi ya huce har ɗan yatsa ya manta da wuta.
Haka uwarka ta yi maka kana goye."
Ban san da wannan ba. Na yi shiru ina kallon tsohuwa.

Kafin la'asar likitoci sun cika zaure.
Wannan ya ce kwalli, wancan ya ce ruwan taba,
Bawa mahauci ya ce a tofa mata gishiri.
Na ce ku fara gwadawa a naku idon,
in ya yi, sai mu zo kan kyanwa.

Modi ya naɗe ta a tsohon zani kamar jaririya,
kai kaɗai ke waje.
Na tsoma auduga, na goge daga ciki zuwa gefe.
Ta yi wata ƙara, ta zaro hannu ɗaya,
ta rubuta mini layi uku a wuyan hannu.
Har yau ana iya karantawa.

Safe da yamma, kwana uku.
Kwantsa ta ragu, idon ya ɗan buɗe
kamar ƙofar gidan da ba a son baƙi.
Amma kumburi na nan,
kifi na nan.
Daren nan na ji ɓera na yawo a kan fatu,
ko tsawa ban yi masa ba, don damuwa.

Ran Asabar muka sa ta a kwando,
Modi ya ɗaure a bayan keke, sai asibitin dabbobi.
Wata yarinya, sa'ar jikata, da farar riga,
ta ɗaga fatar idon, ta haska,
ta zaro ƙayar ƙarangiya, siririya kamar gashi.
Ta ce, "Baba, wankin ya tsabtace,
amma ganye ba ya cire ƙaya.
Gobe kada ka kai kwana uku kana dubawa."

Ta ba mu ɗan man shafawa, na biya da kuɗin rabin fata.
Da muka dawo Inna Tumba na bakin ƙofa,
ta ga ido biyu na ƙyalli a kwando,
ta ce, "Ban gaya maka ba?"
Na ce, "Kin gaya mini, Inna."
Wa zai ja da ita a kan bagaruwa?

Jiya da asuba na fito alwala,
na kusa taka wani abu a bakin tabarma:
ɓera ne, ƙato, an ajiye shi a miƙe.
Tana bisa katanga tana lasar hannu,
ta dube ni da ido biyu,
ta juya baya, ta nufi inuwa.