Rafin da Ba Ya Cikin Taswira

Malamar su Hansatu ta ce kowa ya zano
ruwan da ya fi kusa da gidansu.
Muka shimfiɗa taswirar Bauchi a kan tabarma,
ga tituna, ga layin dogo, ga kasuwar Wunti,
rafinmu kuwa ko ɗigon tawada bai samu ba.
Na ce, ɗauko takalminki,
mu je mu ji daga bakinsa.

Can sama muka same shi, a hammatar dutse,
inda saiwar gamji ta tsaga falale.
A nan ba ya magana, naso kawai yake yi
kamar sabon tulu ya kwana da ruwa.
Hansatu ta tare shi da tafin hannu ɗaya,
ta ce, Baba, wannan ne ya ci katangarmu bara?
Na ce, shi ne. Kowa da ƙuruciyarsa.

Daga nan sai gangara.
Ya bi duwatsu yana tsallen ɗan akuya,
ya cika sawun shanun Jauro Manu,
ya faɗa ramin da masu fasa dutse suka bari,
ya huta, ya fito da launin kunun kanwa.

Gidan farko bai kai linta ba,
amma an rubuta a jikinsa, ba na sayarwa ba ne.
A nan rafi ya fara koyon zaman birni.
An sa shi kwana inda bai yi niyya ba,
an cusa shi a kwalbati, ya fito yana tari.

Kowace unguwa da sunan da ta raɗa masa.
Masu buga bulo sun ce Rafin Yashi.
Bitrus mai wankin babura ya ce Ofis.
Masu sababbin gidaje suna toshe hanci, su ce kwata.
Inna Dudu ce kaɗai ke ce masa Malam,
tana ɗibarsa da gwangwani tana ba alayyafo,
wai ya girme ta,
kuma bai taɓa ce mata dawo gobe ba.

A ƙarƙashin gada, leda ta yi masa rawani,
ga silifa wari guda, ga kumfa, ga baƙin mai.
Balbela na tsaye a tsakiya da ƙafa ɗaya,
fara ƙal, ban san yadda take yi ba.

Na nuna wa Hansatu layin laka a bangon makaranta,
ya kai mata kafaɗa.
Nan yake zuwa in damina ta yi tsakiya,
da dare, ba sallama,
ya zo duba filayen da aka yanka a kan hanyarsa.
Ba shi da takarda, ba shi da lauya,
sai dai bai manta iyaka ba.

Bayan gidan ƙarshe ya saki jiki a fadama,
ya shige cikin rake, muka rasa shi.
La'asar ta yi, ƙafafunmu duk taɓo.

Da dare ta zauna zane.
Ta faro daga gamji da shuɗin biro,
ta gangaro a hankali, tana cizon leɓe.
Daidai gada tawadar ta ƙare.
Ta girgiza, ta hura, ta goga a tafin hannu,
sannan ta ari baƙi a aljihuna
ta ƙarasa da shi.