Saura Layi Ɗaya

An ba ni tebur a bene na biyu, a Garwa,
taga tana kallon Binuwai.
Aka ce: Ladidi, ke ce mai lissafi,
zana mana yadda tsufa zai ci tuwo.

Na ja layi. Shekara sittin a sama,
shekarun zubi a ƙasa.
Wanda ya cika ya shiga inuwa.
Wanda bai cika ba,
nan alƙalamina ya tsaya yana shan iska.

Don na san wanda bai cika ba.
Gambo, mahaifina, shekara talatin da ɗaya
yana ɗaukar dilar auduga daga sito zuwa gaɓa,
tun kogi na da ƙarfin goya jirgi.
Da yamma ake biyansa, a tafin hannu,
tafin hannu kuwa ba ya ajiye rasit.
Hujjarsa tana wuyansa,
ƙashin nan da ya karkace hagu
kamar mai sauraron kiran da ba a yi ba.

Maƙwabcinsa Hamajoda, tsohon masinja,
shi yana da lamba.
Duk shekara sai ya hau babur ya zo layi
a buga masa hatimi cewa yana da rai.
Bara ya ce da ni: 'Yata,
na yi asuba, na sha kunu, na yi faɗa da jikana,
amma sai tawadar nan ta yarda
sannan in tabbata ban mutu ba.
Muka yi dariya. Shi ya riga ni dainawa.

A taro na ce a buɗe ƙofa
ga 'yan dako, da masunta, da Inna Dudu
mai tuyar ƙosai a bakin tasha.
Su zuba dala ashirin ran da kasuwa ta ci,
ran da ba ta ci ba, kar a soke sunansu.
Shugaba ya cire tabarau.
Ya ce asusu ba kogi ba ne, randa ce,
in kowa ya sa moɗa, wa zai ɗebo?
Ban ce ƙarya yake ba.
Na sake duba alƙalumana, randar ce kuwa.
Sai dai waɗanda suka yi wa garin nan jido
ba su taɓa jin sanyinta ba.

Da magariba na biya gida.
Na tura jaka biyar ƙarƙashin buzunsa, yadda na saba,
ya yi kamar bai gani ba, yadda ya saba.
Ni ce fanshonsa, na sani.
To wanda bai haifi Ladidi ba fa?
Ni da ban haifi kowa ba fa?

Ya ce: An gama zanen?
Na ce: Saura layi ɗaya.
Ya gyara zama, wuyan yana nan a hagu.
Ya ce: To ki ja shi da faɗi.
Ƙafarmu ta daina bin siririyar hanya.