Amsa Ta Uku

Sabis ba ya shiga ɗakinmu,
sai na hau tudun bayan firamare,
inda tsohon famfo ya mutu a tsaye.
Can saƙon ya iske ni ranar Laraba,
cajin wayata saura kashi tara.

Magana ce mai santsi kamar sabulu:
sun gode, sun yaba, masu nema sun yi yawa,
mutum dubu biyu, kujera ashirin.
Na bi ta har ƙasa ina laluben "amma".
Babu amma. Sai fatan alheri.

Karo na uku ke nan
da masu renon sabbin kamfanoni
suka rufe mana ƙofa cikin ladabi.
Na farko suka ce ba mu da rajista,
tunkiyar Tasi'u ta tafi kasuwar Kura, ba ta dawo ba.
Na biyu suka ce ina lissafi?
Kwana goma sha ɗaya ina jan layi
a ragowar littafin ƙanwata na aji biyar.
Yau ba su faɗi laifinmu ba,
ƙaiƙayi ne a inda hannu ba ya kai.

Na sauko ta cikin fadama.
Tumatir ya nuna gaba ɗaya kamar an yi masa kira,
kwando ya fi abin da ke cikinsa tsada.
A bakin kwalta an baza shi a ƙasa,
awaki na zaɓe, tirela na yi masa yaji.

Tasi'u na kwance ƙarƙashin akwatinmu,
langa-langa da gilashi da 'yar fanka mai cin rana,
abin da muka ce zai busar da kauɗa ba yashi.
Ya dubi fuskata sau ɗaya, bai tambaya ba.
Ya ce, "Barira, miƙo min sufana goma."

Na miƙa masa. Na zauna a kan buhu.
Na yi kukan da bai kai cikin cokali ba.

La'asar sakaliya sai ga Gwaggo Lantana,
jikokinta biyu na jan kwando.
Ko sallama ba ta ƙarasa ba ta hau faɗa:
sakatar ƙofarku na ƙona hannu,
farantin ya yi ƙanƙanta, layi ya yi tsawo,
kuma wa ya ce ku ba Malam Sha'aibu ranata?
Sannan ta kwance bakin zane,
ta ƙirgo kuɗin wancan mako, ba ragi.
Wai mai abinci a Kwanar Gafan ta ce
miyarta ta daina ƙas-ƙas a haƙori.

Waɗancan sun kalle mu minti uku a bidiyo.
Wannan ta ɗanɗana mu a tukunya.
Ban ce sun yi kuskure ba,
mai zaɓen iri dole ya bar wani a faifai,
wanda aka bari kuwa bai zama tsakuwa ba.

Da dare na koma tudu da aron caji,
na rubuta musu ba fushi, ba roƙo:
me kuka duba kuka rasa?
Mako biyu shiru. Sai layi ɗaya tak:
"Mutum nawa ke biyan ku?"

Na buɗe littafin aji biyar.
Bara huɗu ne, har da mahaifiyata.
Bana goma sha bakwai, ban sa ta ba.

An ce za su sake buɗewa bayan damina.
Wataƙila mu nema. Tasi'u ya ce a gani.
Kafin nan akwai icen maƙera da zan sayo,
a yi wa sakata mariƙi,
don Gwaggo ta ce Asabar za ta dawo,
kuma ba ta son jira.